Jan Zare a Ƙarfen Amalanke

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka tashi kuna ji a garin nan. An ce ubanku ya sayar wa wani bawan Allah ƙarfen banza, amalanke ta faɗo masa, aka yanke masa ƙafa. An yi muku gori da shi a makaranta da bakin famfo, kuna dawowa gida ido jawur, ina gani ina kawar da kai. Ban taɓa musawa ba, ku ma ba ku taɓa tsare ni da tambaya ba, Allah ya yi muku albarka. To yanzu ido ya fara dushewa, hannun da ya tsufa yana ɗaga masaba ga shi biro ma yana neman gagararsa, gara in faɗa da kaina kafin a faɗa a bayana a karkace. Ba ni na ƙera ƙarfen nan ba. Amma kada wanda ya yi saurin hamdala, ku bari ku kai ƙarshe tukuna, don ni ma ina da nawa kason a ciki.

Gidanmu gidan ƙira ne tun kakanni, a nan cikin Dutse. Kakanku, Baba, fartanya da lauje da garma ya gada, amma da amalanken shanu suka yawaita sai ya koma ƙera abin da muke kira ƙarfen ƙafa, wato sandar nan da take ratsa gindin amalanke ta riƙe tayoyin biyu. Duk nauyin da aka ɗora, taki ne ko dammunan gero ko buhunan gyaɗa, a kanta yake sauka. Ba ma yin ta sai da ƙarfen tsofaffin manyan motoci, curarre, babu rami a cikinsa, mu gasa mu daka mu daidaita. In mun gama sai mu buga tambarin gidanmu, ɗan hoton bishiyar dabino. Daga Miga har Taura, manomi in ya zo saye ba ya cewa a ba shi ƙarfe, cewa yake a ba shi mai dabino. Ba cika baki nake ba, ku tambayi duk tsohon da ya rage.

Mu biyu ne maza a wurin Baba, ni da baffanku Iliya. Ni ne ɗan fari, shi ne auta, tsakaninmu mata huɗu. Kakarku Inna ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "kai wannan", Iliya kuwa har ya yi gemu tana ɓoye masa ƙanzo. Ban taɓa jin haushi ba, wa zai ƙi Iliya? Bahago ne, ga dariya, ga hannu. In gaya muku gaskiya ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Aikin da zan wuni ina fama da shi, shi kafin azahar ya gama ya zauna yana tsokanata, wai ƙarfen ma tsoron fuskata yake ji shi ya sa yake ƙin lanƙwasuwa. Ni kuwa ga baƙar zuciya, in jefe shi da gawayi, ya kauce yana ƙyaƙyatawa.

Da aka ba mu jiha, Dutse ta cika da ma'aikata da 'yan kwangila da baƙin da ba a san asalinsu ba. Alheri ya shigo, jabu ma ya biyo shi. Wasu marasa tsoron Allah suka sassaƙa irin tambarinmu suna bugawa a kan kowane tarkace, sai manomi ya zo mana da ƙarfe a lanƙwashe yana zagi, ga dabino ɓaro-ɓaro a jiki. Abin ya dami Baba, ga shi jiki ya fara ƙi. Wata rana bayan la'asar ya sallami kowa daga maƙera ya bar mu mu biyu, ya ce zai nuna mana abin da kakanninsa suke sa wa takobi. Ya auna taƙi ɗaya daga bakin ƙarfen ta dama, ya tsaga 'yan layuka biyu sirara, tsawonsu bai kai farce ba. Ya warware zaren jan ƙarfe daga tsohuwar waya, ya kwantar a cikin tsagar, ya daddaka har ya shige, ya bi da magagari har wurin ya yi sumul. Sannan ya shafe ƙarfen duka da baƙin mai ya ƙona a wuta. Ya miƙo mana ya ce mu nemo. Muka juya, muka shafa, muka kai rana, babu komai. Sai ya jiƙa tsumma da ruwan tsamiya, ya dangwali toka, ya goga wurin. Ga layukan nan biyu sun fito jawur.

"Tambarin dabino na mai saye ne," in ji Baba. "Wannan taku ce. Ba a gaya wa mata, ba a gaya wa aboki, ba a gaya wa wanda ya zo koyo. Ku biyu, sai waɗanda kuka haifa."

Bai ƙara damina biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan arba'in Iliya ya same ni ya ce shi kam ya gaji da hayaƙin gawayi, gari yana neman ƙofofi da tagogin ƙarfe, zai buɗe shagon walda a unguwar Yalwawa. Na yi faɗa, na yi fushi na kwana uku, daga baya na sa masa albarka. Ni na ci gaba da ƙarfen ƙafa. Duk ranar kasuwar Shuwarin sai in zaga wurin dillalai, duk ƙarfen da na gani da dabino in ɗauka in shiga bayan zana da 'yar kwalbata a aljihu, in fito in ce wannan nawa ne, wannan ba nawa ba ne. Ba wanda ya san abin da nake dubawa. Wasu cewa suke aljanun maƙera ne suke gaya mini, ni kuwa ban ƙaryata ba, don abin yana yi mini daɗi. Dillalan jabu suka riƙa ɓoye kayansu in sun hango hulata. Kai, na ji kaina a shekarun nan, har tafiyata ta sake.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu abin ya faru. Da kaka, wani mutumin wani ƙauye da ke bayan Miga, Malam Buba, Bafulatanin da ya zauna yana noma da 'yan shanunsa, ya ɗoro gero a amalanke yana tafe a gefenta. Suna gangara wani kwari ƙarfen ya karye, amalanken da kayanta suka kife a kansa. Kafin a ɗaga a kai shi asibiti ƙafar ta lalace, aka yanke ta ƙasan gwiwa. Da ya ɗan warware, danginsa suka ɗauko shi da guntayen ƙarfen suka kawo ƙara wurin Sarkin Maƙera, suka ce in ba a yi musu adalci a nan ba, gaban alƙali za su. A lokacin gari ya cika da ji-ta-ji-ta. Malamai suna ta bayani a rediyo cewa shari'a ba gaggawa ba ce, amma a bakin tsofaffi maganar ɗaya ce, wanda ya sa aka yanke ƙafa, tasa za a yanke.

Ni ko a jikina. Ranar da Sarki ya kira ni, Iliya ne ma ya ɗauke ni a babur ɗinsa da safe, na riƙo wani ƙarfe nawa sabo a kafaɗa. Muka tarar ƙofar gidan Sarki ta cika, maƙera da dillalai da 'yan kallo. Malam Buba yana zaune a tabarma, dogo, siriri, ya miƙe ƙafa ɗaya, wandon ɗayar an naɗe shi an ɗaure. Da na ga guntayen sai na yi tsaki. Bututun ruwa ne aka cika da yashi don ya yi nauyi, aka liƙa masa curarren ƙarfe a baki biyu, aka goge waldar, aka baƙanta. Wanda ya yi shi gwani ne, amma mugu. Zuciyata ta tafasa, ga kuma son a sani. Maimakon in ja Sarki gefe mu duba mu biyu, sai na ɗaga murya don na bayan taro ma ya ji.

"Ranka ya daɗe, yau zan tona abin da ban taɓa tonawa ba. Duk ƙarfen da ya fito daga hannuna akwai ɓoyayyiyar alama a jikinsa. In an same ta a wannan, a yi mini duk abin da aka ga dama."

"Wa ya san alamar bayan kai?" in ji Sarki.

"Ba kowa. Duk duniya ni kaɗai ne."

"Ka tabbata, Sale?"

"Na tabbata, ranka ya daɗe."

Kada ku ce ƙarya na shirya. Wallahi ko kaɗan Iliya bai faɗo mini a rai ba, don a wurina ni da shi abu ɗaya ne, in na ce ni kaɗai har da shi nake nufi. Na fito da kwalbar tsamiya da ƙullin toka, na goga a sabon ƙarfena, layuka biyu suka fito, taro ya ɗauki kabbara. Na jawo guntun na Malam Buba ina murmushi, na auna taƙi ɗaya, na goga. Tun kafin in ɗauke tsumman na ga ja yana leƙowa. Na ƙara gogawa kamar zan goge shi ya tafi. Layuka biyu, jawur, a daidai wurinsu. Taro ya ɗauki salati. Su abin da suka gani ke nan. Ni kuwa na ga abin da ba wanda zai gani sai wanda ya yi shekaru yana tsagawa: layukan sun kwanta ta hagu. Nawa ta dama suke kwantawa. Hannun bahago ne ya tsaga su. Na waiwaya, na hango Iliya a jikin bango ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Sarki ya tambaye ni sau uku ina da magana, na kasa, ya ce to a dawo gobe da hantsi in ba da amsa.

A ƙafa na dawo gida. Bayan azahar Iliya ya shigo, ya wuce ɗakin Inna kai tsaye, na bi shi. Uwarku Hajara tana bakin ƙofa tana tankaɗe, ta ajiye rariyar. Ban tambaye shi ko shi ne ba. Cewa na yi, me ya sa?

"Yaya, aikin ƙofofi ne ya tsaya. Wani dillali ya ce in yi masa 'yan kaɗan. Na ɗauka za su yi shekaru ba su karye ba."

"To alamar fa? Tambarin dabino kowa yana sata. Alamar Baba me ya kai ka?"

Ya ce, "Don in ka duba a kasuwa kada ka gane."

Wannan maganar har yau in na tuna ta sai in ji kamar yanzu ya faɗe ta. Ashe duk shigar da nake bayan zana ina fitowa ina hura hanci, da bakina nake wanke masa kayansa. Na tambaye shi guda nawa ya yi, ya ce bai riƙe ba. Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, Inna ta shiga tsakani ta rufe shi da jikinta, mutum mai 'ya'ya uku.

"Kai wannan, saurara. Kai babba ne, an san ka, an san ubanka a jikinka, za a yi maka sassauci. Shi in ka ambaci sunansa ƙafarsa za su cire."

"Inna, ba a yin haka. Ba wanda za a yanke wa ƙafa."

"Kai ne alƙalin? Ka riga ka ce kai kaɗai ka sani. To ka bar ta a haka, me za ka ƙara?"

Daga bakin ƙofa uwarku ta ce, ita da ba ta taɓa sa baki a maganarmu da Inna ba, "Malam, kai ma fa kana da 'ya'ya. Sunan da za ka zubar ba naka ba ne kai kaɗai, da shi za su yi aure, da shi za su shiga mutane."

Na daka mata tsawa na ce ta tashi ta ba mu wuri. Ta tashi. Ita ce mai gaskiya a gidan ranar, kuma ita kaɗai na yi wa tsawa. Inna ta kama bakin rigata da hannu biyu, ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Sale," ta ce. "Sale, ka rufa mini asiri."

Shekarata arba'in da wani abu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na sha kwatanta yadda zai fito, ban taɓa zaton a kan wannan zan ji shi ba. Na ce to, Inna. Iliya yana tsugune yana kuka, bai ce a'a ba, bai ce Yaya bari in je da kaina ba. Na jira ya faɗa, Allah ya sani na jira, har na fita daga ɗakin ina jan ƙafa ko zai kira ni.

Washegari da hantsi na tsaya a gaban taron da ya ninka na jiya, na ce ni na ƙera, son zuciya ne ya kai ni. Aka yi ta Allah wadai. Wani dillalin da na taɓa kunyatawa ya yi shewa kamar mace. Malam Buba ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce a matso da ni kusa.

"Maƙeri, na zo da niyyar in kai ka duk inda ake kai mutum. Ban yi zaton za ka amsa ba. Tunda ka tsaya a gabana ka faɗa da bakinka, ba na son komai naka. Na yafe maka duniya da lahira."

Danginsa suka yi ta gunaguni, ya ce ƙafarsa ce ba tasu ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sarki ya sa aka karɓo tambarin dabino daga maƙerarmu, wanda Baba ya sassaƙa da hannunsa, aka sa shi a wuta a gabana, aka daka shi ya zama guntun ƙarfe. Ya ce ba ni ba ƙarfen ƙafa har abada. Abu ɗaya na roƙa, a yi shela duk mai amalanken da ya sayi mai dabino a 'yan shekarun nan ya kawo in duba. Aka yarda. Suka yi ta zuwa. Duk wanda na ƙwanƙwasa na ji amon rami sai in sare shi, yashi ya zubo a gaban mai shi, ya tofa mini yawu ko ya yi mini Allah ya isa, in ɗauko nagari cikin waɗanda suka rage mini in ba shi. Haka har suka ƙare. Kowane bututu da na fasa sabuwar shaida ce a kaina, kuma da hannuna nake fasawa. Alamar Baba kuwa ta mutu tun ranar farko, tunda na koya wa kasuwa guda yadda ake yin ta. Shi ya sa ban koya wa ko ɗayanku ba, babu abin da ya rage da za a koya.

Sauran kun gani da idonku. Na koma lauje da wuƙaƙe, uwarku tana ba wa maƙwabta su kai kasuwa don in an san nawa ne ba a saye. Sahun gaba a masallaci na bar shi da kaina. Iliya kuwa aiki ya buɗe masa, ya yi gida mai bene a Yalwawa, har aka fara ce masa Alhaji. Duk salla sai ya aiko da shinkafa da atamfa, in mayar, ku yi ta jin haushina kuna cewa hassada nake wa ƙanena. Na ji ku, ba kurma ba ne ni. Uwarku in ya shigo gaida Inna sai ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta ƙara tayar mini da maganar ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba har ta koma ga Allah, amma dariyar da take yi mini a da ban sake ganin ta ba. Inna ta rasu bayan shekara uku tana sa mini albarka. Na karɓi albarkar, ina ce wa kaina ai ko ba komai na sami wannan.

Shekara shida da faruwar abin ciwo ya kama Iliya, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya. Aka yi asibiti aka yi na gida, aka dawo da shi. Ya aiko a kira ni. Na yi kwana biyu ina jan jiki, rana ta uku na je. Na tarar da shi a kan katifa a falo, ya ƙare, in ba don muryar ba da ban gane shi ba. Ya sa kowa ya fita.

"Yaya, kai ya yafe wa."

Na ce ban gane ba.

"Malam Buba. Kai ya yafe wa, ni bai san da ni ba. Haƙƙinsa yana wuyana yadda yake tun ranar. Ka je ka gaya masa, don Allah, ka roƙar mini. Ba na iya tashi."

Wallahi 'ya'yana, duk shekarun nan ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ina ganin na ɗauke masa kaya, ashe kunyar mutane kawai na ɗauke, na bar shi da mai nauyin, na kuma tare hanyar da zai bi ya sauke. Yafewar da aka yi ranar tasa ce, ni na tsaya a wurinsa na karɓe ta, ga shi ba ta da amfani a wurina.

Da safe na hau mota zuwa Miga, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni ƙauyen. Na sami Malam Buba a gindin wata tsamiya yana tufkar igiya, sandunansa biyu a jingine. Ya tsufa ƙwarai. Shanun an raba wa dangi suna kiwo, gonar ma wasu ke nomawa. Ya gane ni tun daga nesa, ya yi mini maraba kamar ɗan'uwa, ya sa aka kawo fura da nono, ya ce ya sha ba mutane labarina, maƙerin da ya ji tsoron Allah ya amsa laifinsa. Na ajiye ludayin na gaya masa komai, tun daga layukan da suka kwanta ta hagu har zuwa katifar da na baro Iliya a kai. Bai katse ni ba. Hannunsa dai ya daina tufka.

"Yana wurin ranar?" ya ce.

"Yana wurin."

"Yana ganina a tabarma?"

"Yana ganinka, Malam."

Ya ajiye igiyar. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi.

"Shekara shida ina kwana da sanyin zuciya, ina cewa na san wanda ya cuce ni, na dubi idonsa, na yafe, mun rabu lafiya. Ashe wasa kuka yi da ni kai da gidanku. Kun zaunar da gurgu a gaban jama'a kuka sa shi ya yafe wa iska."

"Malam, mutuwa zai yi."

"Ni ma ita nake jira. Lokacin da yake da ƙafa biyu da babur bai san hanyar garin nan ba, sai yanzu ya aiko ka ka sake tsaya masa? A'a, Maƙeri. Ban yafe ba. In yana so ya zo da kansa, ko a amalanke ne a ɗauko shi. In bai zo ba, akwai inda za mu haɗu." Ya jawo sandunansa. "Kai kuma wancan na yafe maka, don ba ka yi ba. Ƙaryar da ka yi mini, ita ban sani ba tukuna."

Na durƙusa, na kama ƙafarsa guda ɗayar nan ina roƙo, ya janye ta, ya miƙe da ƙyar ya shige gida. Na zauna a gindin bishiyar har rana ta karkata, bai fito ba.

A mota ina ta shirya yadda za a yi, a nemi mota a shimfiɗa katifa a kai Iliya. Amma da na shiga falon na gan shi na san ko ƙofar gida ba zai kai ba. Numfashi yake sama-sama, matarsa tana ɗiga masa ruwa da cokali. Ya ji motsina ya buɗe ido, ya yi mata alama ta fita. Ya kamo yatsana da hannun hagun nan nasa, babu sauran ƙarfi a ciki.

"Yaya, ka same shi?"

"Na same shi."

"Me ya ce?"

Da na faɗa masa gaskiya, wataƙila da ya ce a ɗauke shi ko zai mutu a hanya. Wataƙila da ya aika da wasiyya, ko ya ƙare sauran numfashinsa yana roƙon Allah ya sanyaya zuciyar mutumin. Wannan damar ce kaɗai ta rage masa a duniya, kuma tana bakina. Na dubi fuskarsa, na kasa.

"Ya yafe," na ce.

Ya lumshe ido ya ce alhamdulillahi, ya yi ɗan murmushi, ya ce yau zai yi barci. Washegari kafin azahar ya cika. Ni na yi masa wanka. Masu ta'aziyya suna ta cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe, fuskarsa a sake, ina amsawa da amin.

Ban koma wurin Malam Buba ba, kunya ta hana ni, kullum ina cewa sai wani mako. Damina ta zagayo na ji labarin rasuwarsa a bakin wani mai sayen lauje. Na tambaye shi ko marigayin ya bar wani saƙo, ya ce shi dai bai ji ba.

To kun ji. Kada ku je ku tsare 'ya'yan Iliya da wannan, ba su ci ba ba su sha ba. Kada kuma ku ce ubanku gwarzo ne, sau biyu aka ba ni gaskiya a hannu, sau biyu na ji tausayi na binne ta, kuma ban ga wanda tausayin nawa ya amfana ba. Iliya ya tafi yana zaton an sallame shi. Malam Buba ya tafi yana jiran sa. In sun haɗu, Iliya zai waiwayo ya ce Yaya, ba ka ce ya yafe ba? Kullum bayan salla ina neman abin da zan ce masa, har yau ban samu ba.